Nibiru da Duniya ta Tara Ba Ɗaya Ba Ne

Wata Ba'amurkiya, Nancy Lieder, ta ce ɓoyayyiyar duniya, wadda ake kira Nibiru, za ta gifta kusa da mu a Mayun 2003. Shiru. Sai aka ɗage zuwa 2012. Hujjar masu yaɗa Nibiru hoton "rana biyu" ne a sararin sama, alhali haske ne ke dawowa a gilashin kyamarar waya. Da Nibiru ta kusanto, da kowa ya gan ta ƙuru-ƙuru da daddare, kuma tsoratar da mutane haka kawai zalunci ne.

Duniya ta Tara kuwa hasashen masana taurari Batygin da Brown ne na jami'ar Caltech ta Amurka a 2016, bisa yanayin kewayawar wasu duwatsu bayan Neptune, duniya ta takwas daga rana. Ba a gan ta ba tukuna. In ma akwai ta, tana can nesa, ba ta nufo mu ba.