Na sayi kuɗin Rumawa guda 20 da ƙasa a jikinsu, ga abin da na tarar

Wata huɗu ke nan da na yi odar tsabar kuɗin Rumawa guda 20 daga wani dillali a Turai, irin waɗanda ake sayarwa yadda aka tono su, ba a wanke ba. Sai da suka yi mako biyar a hanya. Da na zazzage su a faranti, maiɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, tsakuwa ka saya?" Ban ga laifinta ba. Yawancinsu ba su wuce maɓallin riga ba, ƙasa ta daskare a jikinsu kamar ƙanzo.

Aikin sai mai haƙuri. Na jiƙa su a ruwan batir, wato tataccen ruwa ba asid ba, kowane kwana uku in canza ruwan, in bi su da tsohon buroshin haƙori da tsinken sakace. Gaggawa ta sa na jefa ɗaya a ruwan lemun tsami, ya cinye koren fatar da shekaru suka yi masa, ya bar min jar tagulla duk ramuka. Wannan laifina ne.

A mako na uku fuska ta fara fitowa a ɗaya: mutum da ɗaurin goshi, kewaye da shi CONSTANTINVS. Sarki Kustantin ne, wanda ya yi mulki daga 306 zuwa 337. A bayan kuɗin sojoji biyu ne riƙe da māsu, tutoci biyu a tsakaninsu, an rubuta GLORIA EXERCITVS, wato ɗaukakar runduna. An fara buga irinsa a 330, shekarar da ya buɗe sabon babban birninsa, Santambul ta yau. Can ƙasa akwai SMTS, alamar gidan buga kuɗi na Tasalonika a Girka. Na daɗe ina jujjuya shi a tafin hannu, har shayina ya huce.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Sarki Galiyenus, mai kambi tsini-tsini kamar hasken rana. Sarki Karakala ne ya ƙirƙiro wannan nau'in kuɗin a 215, lokacin kusan rabinsa azurfa ce. Zuwa zamanin Galiyenus, wanda Farisawa suka kama mahaifinsa Baleriyan a 260, azurfar ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Tagulla ce aka yi wa shafe. Duk wanda ya ga yadda kuɗin cefane ke narkewa a aljihu ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Inda dillalin ya ɓata min rai: hotunan tallarsa duk masu kyau ya zaɓo. Cikin 20, bakwai kaɗai na iya karantawa, shida sumul suke kamar an goge su da dutse, ko inuwar fuska babu. Na tambaye shi daga wace ƙasa aka tono su, ko akwai takardar izinin fitar da su, ya yi min shiru har yau. Wannan ta fi damuna a kan asarar, don ƙasashe da yawa sun hana fitar da kayan tarihi ba izini.

Ba zan koma wurinsa ba. Kuɗin da zan kashe a wani tarin, gara in haɗa in sayi dinarin Rumawa ɗaya na azurfa mai takardarsa. Daga sunansa na Latin, denariyus, Larabawa suka samo dinarin da muke ji a wajen sadaki, ko da yake nasu na zinariya ne. Sauran shidan da ban gama wankewa ba suna nan a kofi bisa taga, ɗaya ya fara nuna ƙafar doki.