Inji mai ƙarfi da zai jure zafin Katsina: wanne ya kamata ka sa wa kuɗinka?

Mai neman mota mai ja a garin nan yawanci buƙatarsa ba ta wuce abu biyu ba. Yana so idan ya fito wuce tirela tsakanin Kankiya da Bichi ya taka totur motar ta amsa nan take, kuma yana so gobe da safe ya murɗa makulli ta tashi kamar jiya. Na farkon yana da sauƙin samu, kowane gareji akwai mai yi maka alkawarinsa. Haɗa shi da na biyun ne aikin, don duk ƙarin ƙarfin da inji ya bayar daga ƙarin man da ya ƙone yake fitowa, ƙarin ƙonewa kuma ƙarin zafi ne. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafinmu yakan haura digiri 40 tun kafin a kunna mota. Iska mai wannan zafin ta fi ta digiri 20 rashin nauyi da wajen kashi shida cikin ɗari, wato injin da aka auna ƙarfinsa a Japan ko Jamus yana shaƙar abin da bai kai wancan ba. Ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska, ga fetur ɗinmu da kusan iri ɗaya ne a kowane gidan mai, ba mai octane ɗin nan na sama (wato mai jure matsi da zafi bai fashe da wuri ba) da manyan injinan Turai ke so ba. Da waɗannan abubuwa uku nake auna kowane zaɓi.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ka sayi ƙarfin tun daga kamfani, wato babban inji marar turbo. Ɗauki Camry ta 2007 zuwa 2011, wadda ake ce wa Muscle. Mai fulogi huɗu ta 2007 zuwa 2009, lita 2.4, ƙarfin doki 158 take bayarwa. 'Yar'uwarta mai fulogi shida, da injin 2GR-FE mai lita 3.5, tana bayar da 268. Jiki ɗaya, kujeru ɗaya, amma bambancin doki 110. Babu wani abin da za ka ɗaura wa mai fulogi huɗun ya ba ka wannan ƙarin cikin kwanciyar hankali da kuɗin da ke tsakanin motocin biyu. Injin nan ne kuma a cikin Avalon, da Lexus ES350, da Highlander, da Venza, da Sienna, saboda haka kayansa ba su da wahala a Ƙofar Ruwa a Kano, kuma makanikai da yawa sun saba da shi. Sarƙa ce ke juya masa taimin, babu zancen canjin bel. A Camry an tsara shi ya sha fetur ɗin talaka na Amurka, wanda ya yi kusa da namu. A kan hanyar Daura da gudun kilomita 100 injin bai ko fara gumi ba, kamar ingarman da ke takawa sannu a hawan Sallah, yawancin ƙarfinsa yana ajiye. Wannan rarar ce ke sa ya daɗe.

Yana da nasa larurorin, kuma gara ka san su kafin ciniki. Na shekarun farko suna da wani bututun baƙin mai da ke da guntun roba a tsakiya, wanda yakan fashe ya zubar da mai cikin mintuna. Toyota ta fito da na ƙarfe zalla daga baya, don haka ka sa a leƙa a gani, in na roba ne a canza tun ba a je ko'ina ba. Famfon ruwansa ma yakan fara yoyo idan ya tsufa, kuma aikin cire shi ba ƙarami ba ne saboda ƙuncin wurin. Honda Accord ta 2008 mai fulogi shida ita ma 268 ce, tana da daɗin tuƙi, sai dai tata da bel take, kuma in bel ɗin ya tsinke fistin zai daki bawul. Wanda ya saye ta ya fara da canza bel, kada ya dogara da maganar dillali cewa sabo ne. A ɓangaren Lexus kuma, in an ajiye maka IS250 da IS350, ɗauki 350. Ta fi ƙarfi nesa, 306 a kan 204, kuma tana fesa mai ta hanya biyu, wanda ke wanke bayan bawul, alhali 250 kai tsaye cikin silinda kawai take fesawa, baƙin datti ya yi ta taruwa. Amma fa dukansu biyun fetur mai octane na sama aka rubuta musu.

Mai hali sosai kuma akwai masu fulogi takwas. 3UR-FE mai lita 5.7 da ke cikin Tundra da Sequoia yana ba da doki 381, shi ne kuma a LX570. Tsohon 2UZ-FE na LX470 bai kai shi gudu ba, amma bulok ɗinsa na baƙin ƙarfe ne, ya san wahala. Matsalarsu ɗaya ce kowa ya sani: tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, cika tankin irin waɗannan ya zama shawarar da ake yi da aljihu. Kafin ka saya, lissafa kuɗin man Kano da dawowa, ka ninka da yawan zuwanka a wata.

Sai motocin da suka zo da turbo ko supercharger daga kamfani. Turbo hayaƙin salansa yake amfani da shi ya juya fanka, fankar ta danna iska cikin inji, supercharger kuwa injin da kansa ke juya shi da bel. Iskar da aka danna tana ɗaukar zafi, shi ya sa ake ratsa ta cikin wani ƙaramin lagireto na iska kafin ta shiga. Idan rana ta yi tsaka, ga fetur marar octane sosai, man yakan fashe a cikin silinda kafin lokacinsa. Burenbos, wato kwamfutar motar, na jin ƙarar wannan fashewar sai ya ja wuta baya don ya kare fistin, ƙarfin da ka biya kuɗi dominsa ya ragu. Ba na cewa a guje su gaba ɗaya. Mercedes E55 AMG ta 2003 zuwa 2006 tana ba da doki 469, kuma injinta da giyabos ɗinta mai giya biyar suna cikin masu ƙwari da kamfanin ya taɓa yi. Abin da ke kewaye da su ne ke cin kuɗi: ƙafafu masu iska, birki mai lantarki, da ɗan famfon da ke sanyaya iskar supercharger. BMW 335i ta 2007 mai turbo biyu, doki 300, ta shahara da mutuwar famfon mai da famfon ruwa na lantarki, wanda ke tsayawa babu sallama. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: in ta tsaya maka a Mashi bayan magariba, wa za ka kira, kuma kwana nawa kayan za su yi kafin su iso daga Legas? In kana da wata motar kuma kana da makaniken da ke da kwamfutar duba irinta, bismillah. In ita kaɗai ce motar kai yara makaranta da zuwa asibiti, ban ba ka shawara ba. Ka kuma lura cewa Accord ta 2018 mai turbo da lita 2.0 doki 252 take bayarwa, ba ta ma kamo tsohuwar fulogi shidan ba.

Matasa da yawa sun ji labarin 2JZ a intanet, kuma sunan da ya yi ya cancanta. Mai turbo ɗin, 2JZ-GTE na Supra da Aristo, silinda shida ne a jere cikin bulok na baƙin ƙarfe, kuma masu gyara a Amurka da Japan sukan kai shi doki 600 ba tare da sun taɓa fistin ba. To amma su suna da fetur na musamman, suna da na'urar da ake ɗora mota a auna ta tana gudu a tsaye, ga gwanayen da aikinsu ke nan. Sannan kuma, 2JZ ɗin da za ka tarar a GS300 ko IS300 a nan ba shi ba ne. Wannan 2JZ-GE ne marar turbo, matsin da fistin ke yi wa iska a silindarsa ya kai 10 zuwa 10.5, na mai turbon kuwa 8.5 ne, kuma na baya-bayan ma kwanrod ɗinsu, wato sandar da ke riƙe fistin, ya fi siranta. Wanda ya ɗaura masa turbo ya ƙure shi da fetur ɗinmu, injin ba zai yi nisa ba. Dashen inji kuma ba ya tsayawa a inji. Sai ka nemi giyabos da zai ɗauki ƙarfin, da burenbos, da wayoyi, da lagireto, da rewayan da zai haɗa su su yi magana da juna, sannan ka gyara takardun mota tunda lambar inji ta canza. Mafi ƙanƙantar waɗannan injina ya kai shekara ashirin a duniya. Aiki ne na mai sha'awa da haƙuri da rarar kuɗi, kuma ina girmama mai yin sa da ilimi.

Ɗaura turbo a kan injin da ba a yi shi don turbo ba, wannan shi ne ƙarshen jerin a wurina, kuma ba zan daɗe a kansa ba. Haka 'yan akwatinan nan masu araha da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari wai su ƙara doki, ba sa yin komai sai kunna fitila. Sake tsarin burenbos na gaskiya yana ba da ƙarin da ake ji a jiki a motar turbo, a marar turbo kuwa ɗan kaɗan ne. Duk wanda zai yi maka, tambaye shi da wane fetur aka rubuta tsarin, kuma ko zai ajiye maka na asali. In ya kasa amsawa, ɗauki makullinka.

Akwai wani ƙarfi da ya fi kowanne araha, wanda kuma aka fi mantawa da shi, shi ne wanda motarka ta zo da shi ya zube a hanya. Abin yana damuna ƙwarai, don ina ganin injina masu kyau suna mutuwa a hannun masu ƙaunarsu. Ana shigo da mota daga Kwatano, abu na farko sai a cire mata tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya yi zafi, a haɗa fanka kai tsaye, wai don zafin ƙasarmu. Injin sai ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, burenbos ya yi ta zuba mai fiye da kima, man ya wanke bangon silinda. A wasu injinan ma tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar ruwa, in babu shi wani ruwan zai riƙa zagayawa bai ratsa lagireto ba. Sai a cika lagireton da ruwan rijiya ko na burtsatse, gishirinsa ya toshe ƙananan bututu, tsatsa ta ci famfo. Sai a zuba baƙin mai mai kauri 20W-50 a injin da aka rubuta wa 5W-30 a kan murfinsa, alhali da matsin wannan man ne VVT-i, wato tsarin sauya lokacin buɗe bawul, ke juya taimin. Mayar da tamostat, zuba ruwan sanyaya inji na gaske, sa man da kamfani ya ce, canza fulogi da irin nasa na asali, duba matatar iska akai-akai lokacin hunturu, wanke gaban lagireto da kwandensan AC. Mutane da yawa bayan wannan sukan ga ashe ba sa buƙatar wata motar. Fasa indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinsa, kuwa, in ba toshewa ya yi ba, ƙara da wari da fitilar gargaɗi ne kawai ribarsa.

Ranar saye, je da sassafe ka tarar da injin da sanyinsa, ka hana a ɗumama maka shi kafin ka iso. Saurari sakannin farko, nan ne sarƙa da metal ke faɗin gaskiya. Buɗe murfin baƙin mai ka duba, in ka ga baƙin ƙullu ko fari-fari kamar madara, juya. Shuɗin hayaƙi mai ne yake ƙonewa, farin da ba ya yankewa ruwa ne. Sa a jona kwamfuta, a duba ko an goge laifuffuka kwanan nan, a kuma auna matsin kowace silinda. Daga nan ka dawo da azahar, ka kunna AC, ka shiga cunkoson Ƙofar Ƙaura ko bakin kasuwa, idonka a kan allurar zafi, sannan ka fita bayan gari ka ji yadda giya ke shiga.

Cikin kuɗin da ka tanada, ware wani kaso tun farko don birki da taya. Dokar hanya ta tsayar da motar gida a kilomita 100 a babbar hanya mai hannu biyu, 80 a sauran manyan hanyoyi, kuma hanyoyinmu akwai shanu, da ramuka, da 'yan babur masu fitowa ba zato. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu ta ƙarshe da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar Beljiyam mai kyan zane amma ta haura shekara shida, kada ka ɗora mata doki 268 a kan kwaltar watan Afrilu.