Ƙaramin shagon gyoza na miji da mata a Japan: daɗinsa, da tambayar da baƙo zai yi kafin ya zauna

Gyoza ƙulli ne na fulawa. Ana murza kwaɓin ya yi siriri, a yanka shi da'ira da ba ta kai faɗin tafin hannu ba, a zuba niƙaƙƙen nama da ganye a tsakiya, a naɗe, a tsuke bakin. Asalinsa daga Sin ne, inda ake ce masa jiaozi, amma ya bazu a Japan bayan 1945, lokacin da sojoji da fararen hula suka dawo gida daga Manchuriya, yankin arewa maso gabashin Sin, da ɗanɗanonsa a bakinsu. Garuruwan da suka fi suna a kansa su ne Utsunomiya a lardin Tochigi, tafiyar kusan minti 50 daga Tokyo a jirgin ƙasa mai sauri na Shinkansen, da Hamamatsu a lardin Shizuoka. A lungunan irin waɗannan garuruwa ake samun shagon da ake magana a kai: kanta guda, kujeru goma ko ƙasa da haka, maigida a gaban kasko, uwargida tana naɗi tana karɓar kuɗi.

Ta fuskar girki, irin wannan shago ya fi manyan gidajen abinci masu rassa, kuma dalilin a fili yake. Gyozan ba daga firiza ya fito ba. A ranar aka yi haɗin: kabeji ko farin kabejin Sin, ganyen nira mai ƙamshin tafarnuwa, citta, tafarnuwa, man riɗi, ruwan waken soya da nama. Sirrin yana wajen kabejin. Sai an yanka shi ƙanana, an barbaɗa gishiri, an bar shi ya yi gumi, sannan a matse ruwan. Wanda ya yi ganganci a nan, ruwan zai jiƙa fatar ƙullin tun kafin ta hau wuta, ta manne a kasko, ta yage wajen kwashewa.

Suyar ma mataki uku ce, kuma daga kan kanta kana kallon komai. Ana jera su a kan kaskon ƙarfe mai kauri da aka shafa wa mai, gindinsu ya fara ja. Sai a kwara ruwa, a rufe da murfi nan take, tururi ya dafa sama da ciki kamar minti biyar zuwa shida. Idan ruwan ya ƙafe a buɗe, a ɗiga mai kaɗan, a bar gindin ya yi ƙamas. Ƙwararren mai suya ba ya ɗaga murfi don leƙe, da kunne yake gane ruwa ya ƙare, domin ƙarar tafasa tana komawa ƙarar suya. Ruwa ya yi yawa, fatar ta yi lugub. Wuta ta yi yawa, ƙasa ta ƙone alhali naman bai nuna ba. Wasu shagunan suna dama ɗan gari a ruwan, sai ya bushe ya zama siririn ɓawo da ya haɗe ƙullayen, wanda suke kira hane.

Faranti ɗaya yawanci guda biyar ne ko shida, an kife su gefen da ya soyu yana sama don kada tururi ya sanyaya ɓawon. A Hamamatsu kuwa da'ira ake jera su, da dafaffen tsiron wake a tsakiya. Kai ne za ka haɗa abin dangwalawa a ƙaramin faranti: ruwan khal, ruwan waken soya, da ɗigo biyu ko uku na man barkono, rayu. Ka rinjayar da khal ɗin, domin cikin ya riga ya ji gishiri. Ka kuma ciji rabi tukuna, romon da ke ciki yana ƙona harshe. Kada ka tsaya ɗaukar hoto ya huce. Cikin 'yan mintuna ƙamas ɗin ke tafiya, kuma shi ne rabin daɗin.

Ga babbar maganar. Naman da ake sa wa gyoza a Japan, in ba a faɗi wani abu daban ba, na alade ne. Musulmi kada ya dogara da hoton da ke bango ko da sunan abincin. Abin da aka rubuta yasai gyoza, wato na ganye, sau da yawa yana nufin ganye ya fi yawa ne kawai, akwai naman alade ko kitsensa a ciki. Na kaza ma ana iya ƙara masa kitsen alade don ya yi laushi, ana iya zuba barasar shinkafa, sake, a cikin haɗin, kuma a kasko ɗaya ake soya duka. Ba mugunta ba ce. Masu shagon ba su saba da tambayar ba ne. Kalmar da za ka riƙe ita ce butaniku, naman alade. Ka rubuta tambayarka da Jafananci a waya, ka nuna daga bakin ƙofa kafin ka zauna. Kada ka roƙi a cire maka naman, tun safe aka yi haɗin. In amsar ba ta fito sarai ba, ka yi godiya ka wuce. Akwai shagunan da ke yin gyoza na halal da kaza ko naman sa, amma ƙalilan ne, sai an nemo su tun kafin a fito, a kuma duba shaidar da suka liƙa. Mai rashin jituwa da alkama, waken soya ko riɗi shi ma wannan abincin ba nasa ba ne.

Sauran ƙa'idojin masu sauƙi ne. Ɗan labulen da ke rataye a ƙofa, noren, in yana waje shago a buɗe yake. Ka nuna yawanku da yatsu, ka jira a nuna maka kujera. Ruwan sha kyauta ne. Ka faɗi duk abin da kake so lokaci guda, domin kowane zubi yana cin kusan minti goma, kuma a wurin da ake layi ƙari na biyu yana riƙe na baya. Da wuya ka samu jerin abinci da Turanci, amma kalmomi uku sun isa: yaki soyayye a kasko, sui dafaffe a ruwa, age wanda aka tsoma a mai. Wasu shagunan ba sa sayar da komai sai gyoza, ko shinkafa babu.

Farashin yana da rangwame, faranti ba ya wuce 'yan ɗaruruwan yen, amma ka taho da tsabar kuɗi, don da yawa ba sa karɓar kati. A kanta ake biya, a ɗora kuɗin kan ƙaramin tire. Ba a ba da tukwici a Japan. In ka bar canji, uwargida tana iya biyo ka waje da shi. Abin da ya dace shi ne ka ce gochisosama deshita, wato godiya bisa abincin, lokacin fita.

Naƙasun wurin kuwa ƙunci ne. Babu inda za a ajiye babban akwati, gara a bar shi a ma'ajiyar tashar jirgi. Ƙaurin mai da tafarnuwa zai kama tufafi, kuma jama'ar da ta wuce mutum uku da wuya su zauna tare. Idan haɗin ranar ya ƙare ana sauke labule ko da lokacin tashi bai yi ba, saboda haka a zo da an buɗe, ba dab da rufewa ba.