Mai turin da ya jera mini waƙa ɗaya bisa shekarunta

Yawancin masu turi, in ka nemi tsohuwar waƙa, wadda kwamfuta ta fara kawowa ita za su watsa maka a memori. Dattijon da nake zuwa shagonsa a Sabon Garin Kano, tsohon mai sayar da kaset, aikinsa daban ne. Na ce, "Baba, House of the Rising Sun nake so, ta Miriam Makeba," wato mawaƙiyar nan ta Afirka ta Kudu. Ya ce in dawo bayan la'asar. Da na dawo, ya jera mini ita daga bakin mawaƙa daban-daban, kowace da shekararta a gaba.

Jerin nan shi ne abin yabo. Ta farko ta 1933 ce, ta wani mawaƙin Amurka, Clarence Ashley, wanda ya ce wurin kakansa ya koye ta. Sai ta 1937, da Alan Lomax, mai tattara waƙoƙin gargajiya, ya naɗa a garin Middlesboro na jihar Kentucky a Amurka: Georgia Turner, 'yar mai haƙar kwal, shekarunta 16, ba kiɗa, sai muryarta da ƙarar tsohon faifai. A bakinta mace ce ke kuka, wani gida a New Orleans ya lalata mata rayuwa, tana aika wa ƙanwarta kada ta bi sawunta. Makeba ta rera a 1960. Da ka iso 1964, ƙungiyar mawaƙa The Animals ta Ingila sun mai da mai kukan namiji, uban kuma ɗan caca, ita ce kuma ta cika duniya.

Wane gida ne? Nan ake ja-in-ja. Wasu sun ce gidan karuwai ne, suna kafa hujja da wani otal mai suna Rising Sun a titin Conti na New Orleans da ya ƙone a 1822, inda masu tono suka samo kwalaben giya da tukwanen jan kwalliya a 2005. Wasu sun ce kurkukun mata ne, saboda sarƙa da mari da ake ambata a wasu baitocin. Baba na ɓangaren kurkuku, har da buga tebur. Ni dai bayan na ji Georgia, hankalina ya tsaya kan gidan karuwai: gargaɗin ƙanwa ya fi zama daram a can, kuma mai da ita ta namiji ya rage mata raɗaɗi ƙwarai, duk daɗin kiɗan.

Inda aikin ya gaza, ƙarfin sauti bai daidaita ba. Tsofaffin sai ka ƙure rediyon mota kafin ka ji, ta 1964 kuwa ta faɗo maka kamar aradu. Kuɗin turi bai taka kara ya karya ba, amma ka tafi da memorinka, nasa na sayarwa ƙananan ne. Ka kuma ba shi wuni guda, ba ya turin tsaye.