Cen da sifoket: wanne za ka saya, kuma yaushe ya kamata ka canza?

Duk mai hawa mashin a Kaduna ya san abin da ƙurar hunturu da lakar damina suke yi wa sarƙa. Ni kullum daga Rigasa nake shigowa gari a kan Boxer, kuma sai da aljihuna ya ji jiki kafin na san yadda ake zaɓen cen, wato sarƙar, da sifoket, wato faifan nan mai haƙora da sarƙar ke hawa kai.

Kafin maganar saye, fara tabbatarwa naka ya mutu. Ɗora mashin a kan dogon jak, ka kama sarƙar ta can bayan babban sifoket ka ja. Idan ta ɗago har ka hango rabin haƙori, ta gama yi. Sannan dubi haƙoran. Sabo kansa a daƙile yake, wanda ya ci kuwa ya yi tsini ya lanƙwashe gefe guda kamar lauje. Buɗe murfin gaba ma, don ƙaramin sifoket ya fi saurin cinyewa, haƙoransa kaɗan ne, juyinsa ya fi yawa.

Abin da mutane ke mantawa shi ne robar da ke cikin hob, wato cibiyar tayar baya, bayan babban sifoket. Ita ke shanye fizgar inji.   Riƙe taya da hannu ɗaya, ka murza sifoket gaba da baya. In yana wasa, ko kana jin ƙwas duk sanda ka ba da wuta ko ka saki totur, robar ta mutu. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma barinta haka yana kashe sabuwar sarƙa.

Ni dai zaɓina saitin Indiya ne cikakke, na kamfanin mashin ɗin ko Rolon, sarƙa da sifoket biyu a kwali ɗaya, ka haɗa da roba. An yi su ne don su zauna da juna, haƙoran an gasa su sun yi tauri, kuma ba sa sa ka tsugunne gaban bakanike duk mako ana ja maka cen. Wanda ke jikin mashina yanzu ya ga damina ya ga hunturu, abin da nake yi masa kawai wankewa da kananzir, shafa mai, da barin sakinsa kamar santimita 2 zuwa 3. Duba lambar girman sarƙar kuma: yawancin mashinanmu 428 suke ɗauka, wasu ƙanana 420. Tazarar haƙoransu ɗaya ce, milimita 12.7, amma 428 ta fi faɗi, don haka kada wani ya ce maka duk ɗaya ne.

Sarƙar kamfanin DID ta Japan ba ta da na biyu in ka samu ta gaske, sai dai samun. Beljiyam kuwa ba a sayensa a sarƙa, wahalar wani za ka gada. Mai arhar nan marar suna, wannan arha ce da ba ta ado.

Jabu shi ne abin da ya fi ci mini rai. Wata rana wani mai shago ya miƙo mini kwali mai sheƙi ya ce, "Alhaji, ɗauki wannan, ta Japan ce, sai ka gaji da ita." Na biya kuɗin orijinal. Ba a yi wata biyu ba ta miƙe har wurin ja ya ƙare, ranar nan da yamma ta zame mini a hanyar Mando da yarona a baya, Allah ne kawai ya kiyaye tayar ba ta ƙulle ba. Da aka cire sifoket, haƙoran sun kwanta kamar na gwangwani.

Tun daga nan ba na kallon kwali, kwali kowa na iya bugawa. Ina sa a buɗe a gabana. Na duba tambarin da ke jikin ƴaƴan sarƙar, ya fito raɗau ko a dagule yake. Na riƙe ta a kwance ta gefe, in ta sunkuya sosai tun tana sabuwa na ajiye. Na goga zarto a haƙori ɗaya: mai kyau zarton zamewa yake, jabu kuwa nan take zai ci. Mai shagon da ya hana ka wannan, ka yi masa sallama, ko a Panteka ne ko a Kawo shaguna ba su ƙare ba.

Kuma ka tsaya a ɗaura a kan idonka. Akwai yaran gareji da za su sa maka sarƙa da babban sifoket, su bar tsohon ƙaramin a ciki tunda murfi ya rufe shi, sabon ya koma aljihu. Ce masa, "Oga, haɗa mini tsofaffin guda uku da robar a leda, zan tafi da su."