Dalton ko Dempster: wace hanya ce za ta kai ka bakin Tekun Arktik?

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya a zauren nan cewa kana zaune a Kanada, kana da hutun mako biyu a watan Yuli, kuma kana so ka tuƙa mota da kanka har inda ƙasa ta ƙare ta arewa, amma ka rasa wadda za ka ɗauka tsakanin hanyar Dalton ta jihar Alaska a Amurka da hanyar Dempster ta Kanada. Na bi duka biyun a shekaru daban-daban, kuma shawarata ita ce ka ɗauki Dempster, sai fa idan manyan duwatsu ne kaɗai abin da ya ja hankalinka. A taswira hanyoyin sun yi kama da juna kamar an tsaga kara, domin kowacce tana ƙetare layin Arktik (layin da daga shi zuwa arewa rana takan kwana ba ta faɗi ba a tsakiyar lokacin zafi), kowacce akasarinta tsakuwa ce, kuma tsawonsu bai yi nisa da juna ba. Bambancin yana ga dalilin da ya sa aka gina kowacce, kuma wannan dalilin ne yake yanke irin abin da matafiyi zai tarar a kanta.

Dalton hanyar aiki ce. Bayan an gano ɗanyen mai a Prudhoe Bay, a gaɓar arewacin Alaska, a 1968, aka buƙaci hanyar da za a kai kayan shimfiɗa bututun man da ya ratsa Alaska har zuwa tashar jiragen ruwa ta Valdez, sai aka gina ta a 1974 cikin watanni biyar kacal. Tsawonta kilomita 666 ne, tana farawa ne kimanin kilomita 135 arewa da birnin Fairbanks, ta ƙare a Deadhorse, kuma sai a 1994 aka bar jama'a su bi ta har ƙarshe. Har yau masu tirela da tanka su ne masu hanyar, kai kuwa baƙo ne a cikinsu. Bututun yana tare da kai kusan ko'ina, wani wuri a ɗage bisa ƙafafun ƙarfe don kada zafin man ya narkar da daskararriyar ƙasar da ke ƙarƙashinsa, wani wuri a binne, ya ɓace maka na ɗan lokaci sannan ya sake ɓullowa a gefen wani tudu.

Ita kuwa Dempster an fara ta a 1959, a zamanin Firayim Minista John Diefenbaker, aka yi kimanin kilomita 115 aka watsar da aikin, sai man da aka gano a Alaska ya sake zaburar da gwamnatin Kanada, aka buɗe ta a watan Agustan 1979. Tana tashi ne kilomita 40 gabas da garin Dawson a yankin Yukon, ta yi kusan kilomita 740 zuwa Inuvik. An raɗa mata sunan wani ɗan sanda, William Dempster, wanda a 1911 ya fita neman abokan aikinsa huɗu da suka ɓata a cikin hunturu da keken karnuka tsakanin Fort McPherson da Dawson, ya kuma tarar duk sun rasu. Abin lura a nan shi ne hanyar tana zuwa garuruwan da mutane suke zaune da iyalansu: Fort McPherson da Tsiigehtchic na ƙabilar Gwich'in, sai Inuvik mai mutum dubu uku da ɗoriya. A kan Dalton kuwa, idan ka cire ɗan ƙauyen Wiseman da tashar direbobi ta Coldfoot, babu wani gari da ya amsa sunansa.

Tunda burinka shi ne teku, a nan ne maganar ta fi nauyi. Wanda ya bi Dalton ba zai kai ruwa da motarsa ba. Deadhorse sansanin ma'aikatan mai ne, ɗakunan kwanansa irin na ƙarfe da ake jerawa, kuma 'yan kilomitocin da suka rage tsakaninsa da teku suna cikin filin kamfanonin mai, akwai ƙofa da masu gadi. Sai mutum ya yi rajista tun kafin ranar, ya ba da bayanan katin shaidarsa ko fasfo, ya biya kuɗi, sannan a ɗauke shi a bas tare da wasu, a ba shi ɗan lokaci a bakin ruwan a dawo da shi. Bayan tuƙin kwana biyu, wannan ƙarshe bai gamsar da ni ba ko kaɗan. A ɓangaren Kanada kuwa, tun 15 ga Nuwamba 2017 aka buɗe sabuwar hanya mai kilomita 138 daga Inuvik zuwa Tuktoyaktuk, ƙauyen mutanen Inuvialuit, inda za ka tuƙa motarka har gaɓar teku, ka kashe ta, ka cire takalmi ka tsoma ƙafa idan kana iya jure sanyin. A kusa da ƙauyen za ka ga waɗansu tuddai masu siffar tulluwa sun taso a fili fetal, waɗanda cikinsu ƙanƙara ce zalla ta ɗaga ƙasa sama, ana kiransu pingo.

Maganar mai ba ta bambanta su sosai ba, duka biyun sai an yi lissafi. A Dalton akwai gidan mai a gadar Kogin Yukon wajen kilomita 90, sai Coldfoot a kilomita 282, daga nan kuma babu ɗigo sai Deadhorse, tazarar kusan kilomita 385. A Dempster ka cika tanki a Dawson, domin ba za ka dogara da wani wuri ba sai Eagle Plains a kilomita 369, inda akwai otal da wurin cin abinci da mai gyaran taya. Bayan nan sai Fort McPherson da Inuvik. Jarka ɗaya ta mai ba za ta yi maka nauyi ba.

Inda suka fi shan bamban a wurin direba shi ne irin wahalar da kowacce take bayarwa. Wahalar Dalton tireloli ne. Idan ka hango ƙura ta turnuƙe daga nesa, to ka rage gudu ka matsa dama, domin tsakuwar da tayoyinsu suke watsowa ita ce take tsaga gilashin gaba, kuma a gangara direban da ya ɗauko kaya masu nauyi ba zai iya taka birki saboda kai ba. Direbobin suna magana da juna ta oba-oba a tasha ta 19, suna sanar da juna kafin su shiga kwana ko su hau tudu, kuma wanda yake da irin wannan na'ura ya fi kwanciyar hankali. Wahalar Dempster kuwa ƙasar hanyar ce kanta. An gina ta bisa tudun tsakuwa mai kauri don kada ƙasar da ke ƙasa ta narke hanyar ta nutse, saboda haka gefenta yana da zurfi da taushi, kuma a waɗansu wurare dutsen da aka zuba mai kaifi ne, yana yanka taya kamar wuƙa. A arewacin Eagle Plains tayata ta baya ta yi faci da misalin ƙarfe goma na dare, rana tana sama tangaran kamar la'asar. Na durƙusa ina neman wuri mai tauri da zan kafa jak, sauro ya rufe ni har ina shaƙarsa, kuma a cikin awa guda da na yi a wurin mota ɗaya ce ta wuce, mai ita ya tsaya ya tambaye ni ko ina da wata safayar. Ina da ita, kuma tun daga ranar nake gaya wa kowa ya tafi da safaya biyu cikakku.

Ruwan sama yana lalata su duka. Ana zuba wani sinadarin gishiri a kan tsakuwar don kwantar da ƙura, to idan ya jiƙe sai hanyar ta koma santsi kamar an zuba kuɓewa, lakar kuma ta manne wa mota ta rufe fitilu da lamba. Idan aka yi ruwa mai yawa, zaman kwana guda a masauki ya fi tafiya.

Akwai abu guda da Dempster take da shi wanda Dalton ba ta da shi, wato fito. Dalton tana ƙetare Kogin Yukon a kan gada mai tsawon kusan mita 700 wadda aka shimfiɗa wa katako, don haka ba ta jiran kowa. Dempster kuwa tana da koguna biyu marasa gada, Peel da Mackenzie, kuma a lokacin zafi jirgin fito ne yake ƙetarar da motoci kyauta, a hunturu kuma a kan ƙanƙarar kogin ake tuƙi. Tsakanin lokutan biyu, sa'ad da ƙanƙarar take narkewa ko take fara daskarewa, hanyar takan yanke na makonni. Yuli ba ya cikin wannan matsala, sai dai idan kogi ya cika akan dakatar da jirgin, saboda haka kada ka tsara dawowarka ta zo daidai da ranar tashin jirgin samanka.

A wajen kyan gani ne zan yi wa Dalton adalci. Mashigin Atigun, mai tsayin mita 1,444 a tsakiyar duwatsun Brooks, ya fi duk abin da na gani a Dempster kwarjini, kuma idan ka gangaro ta arewa ba za ka ga bishiya ko ɗaya ba, fili ya miƙe har inda ido ya tsaya, wani lokaci ka ci karo da garken barewar karibu ko waɗansu shanun daji masu gashi har ƙasa. Dempster ba ta da mashigi mai wannan tsayi, mafi tsayinta mita 1,289 ne, amma duwatsun Tombstone da suke tarbar ka tun a kilomita 70 na farko, baƙaƙe masu tsini, da kuma duwatsun Richardson da ke gaba, sun ishi mai kallo, ga shi kuma babu bututu ko yawan rurin tirela da zai raba maka hankali. A duka biyun akwai beyar, wata babbar dabbar daji mai haɗari da ke bin ƙanshin abinci, don haka ba a kwana da abinci a cikin tanti.

Sai batun salla, wanda na san zai zo maka a rai. A Inuvik rana takan yi kwana 56 ba ta faɗi ba a lokacin zafi, kuma farkon Yuli yana ciki, saboda haka ba za ka ga magariba ko asuba da idonka ba. Malamai sun yi bayani cewa a irin wannan wuri ana ƙaddara lokutan ne, ko da na gari mafi kusa da yake da dare da rana, ko da na Makka, kuma ya kamata ka tambayi malaminka kafin ka tashi. A nan ma Dempster ta fi sauƙi, domin a Inuvik akwai masallaci, wanda aka harhaɗa a Winnipeg aka kawo shi a 2010 a kan tirela da jirgin ruwa, tafiyar kusan kilomita 4,000. Jama'arsa kaɗan ce, cikinsu akwai 'yan asalin Sudan da Labanan da Masar, kuma idan ka daidaita tafiyarka za ka samu Juma'a tare da su.

Abin da ya rage shi ne takardu da mota. Kana da izinin zama a Kanada, don haka Dempster ba ta buƙatar ka ƙetare iyaka, alhali Dalton tana nufin sai kana da izinin shiga Amurka. Yawancin manyan kamfanonin hayar mota sun hana a hau waɗannan hanyoyi da motocinsu, kuma wanda ya saɓa, inshora ba za ta biya masa ɓarna ba. A Whitehorse, babban birnin Yukon, da Fairbanks akwai waɗanda suke ba da motocin da aka shirya don tsakuwa, amma a Yuli sukan ƙare da wuri. Sabis na waya babu shi a mafi yawan hanyar, saboda haka ka yi hayar wayar tauraron ɗan'adam, ka kuma gaya wa wani ranar da yake sa ran jin muryarka. Daga Whitehorse zuwa Dawson kimanin kilomita 530 ne na kwalta, wuni guda ke nan. Ka ba Dempster kwana biyu zuwa da biyu dawowa, kana kwana a Eagle Plains, ka ware kwana guda don Tuktoyaktuk, ka ajiye kwana biyu a gefe saboda ruwan sama ko jirgin fito. Ɗakin Eagle Plains kuma ka kama shi tun yanzu, domin shi kaɗai ne otal a tsakiyar hanyar.