Ranar da wani dattijo ya hana jirgina tashi a Ingila

Wata takwas ke nan da na shiga ƙungiyar masu tuƙa ƙananan jiragen sama da rimot a bayan garin Leicester, kuma tun da hoton jirgina ya isa gida 'yan'uwa da abokai suke tambayata nawa na saye shi da yadda za a yi in aiko musu da irinsa. Kafin a zo maganar kuɗi, bari in ba ku labarin kunyar da na sha ranar da na fara kai shi fili.

Jirgin da na haɗa ba shi da wutsiya, fiffike ne zalla. A jirgi mai wutsiya kowane leɓe, wato ɓangaren fiffike ko na wutsiya da ke motsi, da aikinsa: na bayan fukafukai su ke karkata shi dama ko hagu, na kwance a wutsiya shi ke ɗaga hanci ko ya sunkuyar da shi, na tsaye kuma ya juya kai. Kowane leɓe yana da ɗan injin da ke motsa shi, ana ce masa sarbo, kowane sarbo kuma yana da tasharsa a rimot, wato hanyar da umarni ke bi ya isa gare shi. Nawa jirgin leɓɓa biyu kacal gare shi, kuma dole su biyun su ɗauki aikin karkatawa da na ɗaga hanci a lokaci guda. A nan ne haɗi yake shigowa, wato a shiga cikin rimot a tsara masa cewa kowace tasha ta saurari motsi biyu na sandar tuƙi, ta tara su, sannan ta aika wa sarbo jimillarsu. Rimot ɗina RadioMaster TX16S ne, ƙirar China, mai tafiya da manhajar EdgeTX wadda kyauta ce, kuma na shafe dare uku ina latse-latse a kansa har na gamsu cewa na gama.

Ranar Asabar na isa fili, na ɗora batir, na ɗaga jirgin zan jefa shi sama. Sai wani dattijo da ya haura shekara saba'in, wanda ke zaune a kujerar tafi-da-gidanka da kofin shayi, ya ce in ajiye shi ƙasa. Ya sa na tsaya a bayan jirgin, ya ce in ja sanda baya. Leɓɓan biyu suka ɗaga sama, ya ce daidai. Ya ce in tura ta dama. Leɓen hagu ya tashi, na dama ya sauka. Ya dube ni ya ce, da muryar da kowa a filin ya ji, "Wannan jirgin naka in ka ce masa dama hagu zai yi. Da ka sake shi, da yanzu muna tsintar shi a cikin shinge, ko a gilashin motar wani."

Mutum bakwai ne a wurin, har da wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba, kuma duk suka taso suka kewaye ni. Ni da nake da iyali, na tsaya kamar ɗan makarantar allo da ya kasa biya karatunsa. Don in nuna ba baƙo ba ne ni a harkar, sai na yi sauri na shiga shafin fitarwa na rimot, inda ake saita abin da kowace tasha ke aika wa sarbo, na juya alkiblar tasha ɗaya. Abin ya ƙara dagulewa, domin yanzu in na ja sanda baya sai leɓe ɗaya ya hau ɗaya ya sauka. Yaron nan ya rufe baki yana dariya.

Abin da dattijon ya yi bayan haka shi ne dalilin wannan rubutu. Na miƙa masa rimot na ce, "Baba, taimaka ka gyara mini." Ya fara da mamakin yadda aka yi ya zama babana, sannan ya ƙi karɓa, ya ce hannuna ne zai yi. Ya zaro takarda ya zana mini layi huɗu, biyu ga kowace tasha, ɗaya na karkatawa ɗaya na ɗagawa. Ya bayyana cewa juya tasha yana juya duk abin da ke cikinta, alhali ni abu ɗaya ne ya karkace mini. Saboda haka in mayar da tashar yadda take, in koma shafin haɗi in sauya alamar layin karkatawa a tasoshin biyu, wanda yake ƙari ya koma ragi, wanda yake ragi ya koma ƙari, kada in taɓa layin ɗagawa. Na yi, leɓen dama ya tashi.

Bai bar ni a nan ba. Ya ga na bar kowane layi a kan kashi 100, ya ce in kai sanda can kusurwa in gani. Ɗari da ɗari sun zama 200, sarbo kuwa iyakarsa ɗari, don haka yana kaiwa ƙarshe tun sanda tana rabin hanya, sauran motsin hannuna ya tafi a banza. Muka mayar da su hamsin-hamsin. Muka sa abin da suke kira ekspo kashi 30, wanda ke sa tsakiyar sanda ta yi laushi ba tare da rage ƙarfin ƙarshenta ba, saboda hannun sabon shiga yana rawa. Da ya ga ina rubutawa, sai ya ɗauko nasa jirgin mara inji ya nuna mini wasu haɗe-haɗen. Leɓen da ya sauka ya fi wanda ya hau jan iska, shi ya sa hancin jirgi kan goce zuwa akasin inda ake son juyawa, maganinsa kuwa a rage tafiyar ƙasa ko a ɗan haɗa leɓen wutsiya na tsaye da sandar karkatawa. Da ya taɓa birkin sauka, leɓɓan ciki suka sauka, na waje suka hau, na wutsiya ya ɗan sunkuya da kansa don kada hanci ya zabura sama. Kusan awa biyu muka yi. Na zaro fam 20 in ba shi na shan ruwa, ya yi mini kallon wanda ya zage shi.

A hanyar komawa gida ba abin da nake tunawa sai shagunan gyaran waya da na lantarki na wajenmu. Ku ma kun san yadda ake yi: maigida ya juya maka baya, ya kāre allon da kafaɗa, ya latsa abin da bai wuce minti biyu ba, ya ce an gama. Ka tambaye shi me ya lalace, ya ce ba za ka gane ba. Yaron shagonsa ma sai ya shekara yana sayo abinci kafin a bar shi ya ga abin da ake ɓoyewa. Haka kuma ɗabi'armu ta cewa "ai zai yi" kafin a gwada, wadda ni kaina da ita na zo har nan na ɗaga jirgi ban duba shi ba. Ba basira muka rasa ba. A Zariya na tashi ina kallon jiragen kwalejin koyon tuƙi da aka kafa a 1964 suna zagaye a kanmu, muna sassaƙa namu da kara da ƙaya, kuma a 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin da ya ƙera jirgi mai saukar ungulu a Kano da tarkacen mota.

Kada ku ɗauka nan aljanna ce. Kafin in taɓa tashi sai da na yi rajista da hukumar jiragen sama, wadda ta wajabta hakan tun Nuwamban 2019, na yi jarrabawa ta intanet, na manna lamba a jikin jirgi, na biya kuɗin ƙungiyar ƙasa ta masu ƙananan jirage, wato BMFA, saboda inshora, na biya na ƙungiyarmu dabam. Shagon kayan jirage yana da nisa, kuma ba a ciniki, abin da aka rubuta shi za ka biya. Sai dai in ta intanet ka saya, doka ta ba ka kwana 14 ka fasa. Mafi ciwo shi ne yanayi. Za ka yi mako kana jiran Asabar, ta zo da yayyafi da iskar da ke ƙwace hula, yatsu su ƙage har ka kasa jin sanda. A irin ranakun nan nakan tuna gonakinmu bayan kaka, fili fetal, ƙasa a bushe, ba mai zuwa ya ce ƙarar inji ta dame shi.

Rimot ɗin ya ci kusan fam 200, jirgin da batir bai kai haka ba. Ƙanena da ya fi kowa naci na ce masa ba zan aiko da komai ba sai ya bincika ka'idar izini a can, domin na san ba a sake da irin waɗannan na'urori. Kafin nan na ɗauki hoton takardar dattijon mai layi huɗu na tura masa, na ce ya gaya mini wane leɓe ne zai tashi in an tura sanda dama. Ya amsa da cewa na hagu.